Mai Takaba a Ɗakin Madubai

"Maimaita in ji, kunnena ya tsufa. Ina kika ce za ki kai yaran?"

Nasira tana durƙushe a gefen tabarma, kanta a sunkuye. Ta san sarai Hajja Garbai ta ji. Kunnen tsohuwar nan ba ya tsufa sai an zo mata da maganar da ba ta so.

"Gidan matasa, Hajja. Direkta ne ya ce kowace malama ta kai ajinta, su ga ɗakin madubin da aka buɗe."

"Ɗakin madubin wa?"

Nasira ta ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce na wa? Ko shi ma kunyar sunansa kike ji, kamar na miji?"

"Na Aisami ne," ta faɗa a hankali.

Hajja Garbai ita ce mahaifiyar Tahiru, mijin Nasira, wanda kamiyonsa, babbar motar dakon kanwa, ya kife da shi a hanyar Damagaram. Ranar da aka kawo gawarsa Nasira ta shiga takaba, kuma Hajja da hannunta ta cire madubin ɗakin ta fita da shi. A gidansu mai takaba ba ta kwalli, ba ta kitso, ba ta turare, ba ta kuma duban fuskarta, ko a ruwan randa ne sai ta kau da kai. Da ƙyar, sai da limamin unguwa ya sa baki, aka bar ta ta ci gaba da zuwa lakwal inda take koyarwa. Yanzu takabar ta zo gangara, saura ƙiris ta fita.

Shi kuwa Aisami, jama'ar garinsu Gure kakaf ta san shi ya fara neman Nasira. Iyayenta da ke Bune suka ce ba sa ba da ɗiya ga mai zane-zane, su ba su san wannan a jerin sana'o'i ba. Ya yi zuciya ya tafi Yamai, daga can aka ji ya ƙetare, sai shiru. Ta jira har ta gaji, ta auri Tahiru da yardarta, ya riƙe ta da mutunci, ta haifa masa Biba. Kwatsam ana tsakiyar takabarta sai ga Aisami ya dawo da mota cike da madubai a nannaɗe cikin barguna. Ni dai ban ce don ita ya dawo ba. Amma har yau ban ji abin da ya hana shi kafa ɗakinsa a Yamai ba, inda masu kallon irin wannan abu suke.

"To ki buɗe kunne," in ji Hajja. "Ba ni hana aikin gwamnati. Amma in ƙafarki ta taka cikin ɗakin nan, idonki ya faɗa kan madubi, kin zubar da takabar ɗana. Matar da ta zubar da takabar ɗana kuwa ba ta riƙe mini jika. Kelle zan kai ta wurin dangin ubanta."

Nasira ta waiga ta dubi Biba, 'yar shekara uku, tana bakin ƙofa tana faman cusa ƙafar dama a takalmin hagu.

"Ba zan shiga ba, Hajja. A waje zan tsaya."

"Haba Hajja, ki bar ta ta je, ni na tsaya mata."

Hashimu ne ya yi maganar daga bakin zaure, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shi ne wan Tahiru, mai motar da ke jigilar mutane zuwa Kelle, kuma tun bara da ya rabu da matarsa yake zaune shi kaɗai. Tun rasuwar ƙaninsa ya zama mai yawan kirki. Yau ya kawo dabino, gobe ya kawo wa Biba alewa, kullum da 'yar maganarsa cewa marainiya ba ta da gatan da ya wuce gidan ubanta. Nasira ta san inda maganar ta dosa, kuma duk lokacin da ya yi mata murmushi sai ta kau da kai.

* * *

Gidan matasa a cike yake maƙil. Takalma sun taru a bakin ƙofa kamar na masallacin Juma'a, domin ba a shiga ɗakin da takalmi, kuma kaɗan-kaɗan ake shigar da mutane. Nasira ta jera ɗalibanta, ta danƙa su ga abokiyar aikinta Fa'iza, ita kuma ta samu benci a inuwar baranda ta zauna, ta juya wa ƙofar baya. Biba na kan cinyarta, don ko aji da ita take zuwa.

Ba ta ga ɗakin ba, amma ta ji shi a bakin masu fitowa.

Wani dattijo makiyayi daga Alakos ya fito yana faɗa. Wai ya shiga ya tarar da taron dattawa masu rawani, ya yi sallama har ya maimaita, ba wanda ya amsa sai motsa baki. Da aka ce masa ai shi ne duk, sai ya koma ya sake leƙawa, ya fito yana shafa bayan kansa.

"Ashe haka ƙeyata take? Ina ta yawo da ita a duniya ba wanda ya gaya mini!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Wani magidanci kuma tsautsayi ya haɗa shi shiga tare da surukinsa. Ya sunkuyar da kai don kunya, ya ga suruki a ƙasa. Ya ɗaga kai, suruki a sama. Ya fito gumi na zuba, ko takalminsa bai tsaya nema ba. Wasu na cewa aikin aljanu ne, suna tofa addu'a a tafin hannu kafin su shiga, amma fa suna shiga. 'Yan mata kuwa ba ruwansu da aljanu, gyaran ɗankwali suke yi, kowace da salula a hannu tana ɗaukar bidiyo.

Wata tsohuwa mai sayar da tabarmin kaba ta fito ba ta ce wa kowa komai ba. Ta zauna a ƙarshen bencin Nasira tana share ido da gefen zane.

"Lafiya, Iya?"

"Innata na gani, ɗiyata. Da tafiyarta, da yadda take karkata wuya. Na buɗe baki zan kira ta, ashe ni ce na tsufa."

Nasira ta juyo ta dubi tsohuwar. Ba ta gama jin wannan ba sai ga Fa'iza ta fito da rukunin farko na yara, idonta a waje.

"Ke, Nasira, walle abin ya wuce labari! Bango madubi, sama madubi, inda kike takawa ma madubi. Ya rataye ƙananan ƙore da ya huhhuda, ya sa musu ƙwan lantarki a ciki, sai ki ga haske ba iyaka. Kin san abin mamakin? Ina wannan kusurwa, wata mata na can waccan, amma a madubi kafaɗata na jingine da tata. Wai da gangan ya karkata su haka."

"Madam Nasira, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

Ba ta buƙatar ta juya. Muryar ba ta canza ba, ta dai ƙara kauri. Aisami yana tsaye nesa da ita, kamar yadda ya kamata.

"Da godiya," ta ce, idonta a kan yatsun ƙafarta.

"Allah ya jiƙan Tahiru. Mutumin kirki ne."

"Amin."

Ya ɗan tsaya kamar mai sauran magana, sannan ta ji takunsa ya koma ciki. Zuciyarta na bugawa har tana jin kunyar kada tsohuwar da ke gefenta ta ji. Ta tsani kanta a wannan lokacin, domin mijinta bai daɗe a ƙasa ba, ga shi gaisuwa kawai ta rikita ta.

Wasu ɗalibanta biyu suka kama dambe a kan layi. Ta sauke Biba ta tashi ta raba su. Abin bai ɗauki wani lokaci ba, amma da ta juyo bencin ba kowa sai tsohuwa.

"Biba! Ina Biba?"

Sai ta ji kukan daga cikin ɗakin. Irin kukan da yaro ke yi in ya tabbata an tafi an bar shi ne, har numfashinsa na ɗaukewa.

"Umma! Umma!"

Ta nemi Fa'iza, Fa'iza na can bakin famfo da yara. Ta ji wani ƙum, kan yarinyar ya bugi madubi, kukan ya ƙaru. Duk uwar da ke karanta wannan ta san Nasira ba ta tsaya tuna Hajja Garbai ba. Ta ture labulen ƙofar ta faɗa ciki.

Biba ta ko'ina. Biba a dama, Biba a hagu, Biba a ƙarƙashin ƙafafunta, kowace baki a buɗe tana miƙo hannu. Nasira ta nufi ɗaya, tafinta ya bugi sanyin madubi. Ta juya ta nufi wata, haka. Sai da ta rufe ido ta bi kukan da kunne, sannan hannunta ya taɓa ɗumin jikin ɗiyarta. Ta durƙusa ta rungume ta, ta lulluɓe ta da mayafi.

Da ta buɗe ido sai ta ga wata mata durƙushe a gabanta. Ƙasusuwan wuya a waje, leɓe a tsattsage, idanu sun faɗa ciki ba ko ɗigon kwalli, ga tsohon mayafi da ya koɗe. Tausayin matar ya kama ta kafin ta gane ko wace ce. Ta juya don ta guje mata, matar na can. Ta sunkuya, tana ƙasa tana kallonta. Tun ranar da Tahiru ya mutu ba ta yi kuka don kanta ba sai yau, kukan ya zo mata ba sauti, ta kasa tashi, ta kasa gane inda ƙofa take.

Aisami yana can kusurwar da makunnin wuta yake, tsakaninsa da ita faɗin ɗakin ne gaba ɗaya. Ya ga halin da take ciki, ya san al'adar gidan da take takaba. Abu ɗaya ya zo masa a rai, ya raba ta da fuskarta. Ya miƙa hannu ya kashe wutar.

Duhu ya rufe ɗakin. 'Yan matan da ke ciki da salularsu suka saki ihu da shewa.

"Nasira, ki bi muryata," ya ce. "Ga ƙofa nan. Taho a hankali."

* * *

A bayan ginin akwai wata 'yar rumfa da aka tare da asabari. Nan Fa'iza ta zaunar da ita, ta shafa wa Biba ruwa a ƙullutun da ya fito mata a goshi, ta koma wurin yara. Aisami ya zo ya tsaya ta ɗaya gefen asabarin, ba ya ganinta, ba ta ganinsa.

"Ki yafe mini. Ni na yi sakaci da ƙofa."

"Ka tafi, Aisami. Don girman Allah ka tafi kafin a gan ka nan."

"Ba ki yi laifin komai ba. Ki tambayi duk malamin da kike so, ba inda addini ya hana mai takaba duba madubi. Al'ada ce kawai."

Ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na bin kumatunta.

"Malami? Kana ganin Hajja malami take tambaya? Ɗanta ne a kabari. Abin da ya rage mata ta yi mishi ke nan, ta tsare takabarsa, kuma ni na yi mata alkawari da bakina yau da safe. Kai ka daɗe a waje, ka manta yadda garin nan yake."

"Ban manta ba. Don ban manta ba na gina ɗakin nan. Garin da kowa ke sunkuyar da kai, ɗa ba ya duban uba, mai so ba ya duban wanda yake so. Na ce bari in yi wuri ɗaya da mutum zai tsaya nesa amma ya ga kansa kusa da ɗan'uwansa."

"To ka yi. Ka ji daɗi. Su sun shiga sun yi dariya sun fito, ni kuma ɗiyata zan rasa."

Ta ji yana jan numfashi da ƙyar.

"Nasira, duk inda na je..."

"Kada ka faɗa! Ina cikin takaba, kada ka faɗa mini komai. Lokacin da nake son jin maganar nan ina kake? Na jira ka har ƙannena suka fara aure. Ko gaisuwa ba ka aiko ba. Da wane ya zo daga Yamai sai in je in tsaya kusa ko zai ambaci sunanka. Tahiru ya same ni ina ramewa, bai taɓa tambayata don wa ba, har ya koma ga Allah."

"Kunya ce ta hana ni. An ce ba ni da sana'a, na rantse ba zan waiwayo ba sai na zama wani abu."

"Ka zama. Ga shi har daga Alakos ana zuwa kallonka." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ka san abin da na gani a ɗakinka? Wata tsohuwa na gani. Ita ka dawo nema?"

"Ita," ya ce. "Walle ita."

Ta toshe bakinta da mayafi don kada ya ji abin da kalmar ta yi mata. Ta saɓa Biba a kafaɗa ta fita ta ɗaya gefen, ba ta waiwaya ba.

* * *

Bidiyon ya riga ta isa gida.

Tun daga bakin lungu ta ga alama. Matan da ke gaishe ta kullum suka shige gidajensu. Motar Hashimu na tsaye a ƙofar gida, alhali kullum da la'asar yana tasha. A tsakar gida Hajja Garbai na zaune a kan tabarma, carbi a hannu amma ba ja take ba. Hashimu na tsaye a kanta. Gefe guda ga wani ɗan ƙulli, Nasira ta gane zanen goyon Biba ne aka ɗaure kayanta a ciki.

Ba wanda ya amsa sallamarta. Hashimu ya miƙo mata salularsa.

Ta ga kanta a durƙushe, fuska a buɗe, tana kallon madubi. Biba ba ta fito ba sam, mayafi ya rufe ta. A gefenta kuwa ga Aisami, kafaɗarsa manne da tata, kansa ya karkato kamar mai yi mata raɗa. Su biyu a dama, su biyu a hagu, su biyu har inda ido ya ƙare, cikin hasken ƙananan ƙore. Sai ya ɗaga hannu, duhu ya rufe. A cikin duhun muryar wata yarinya ta tashi da shewa: "Ayyiriri, ango da amarya!" Nan bidiyon ya tsaya.

Ta zube a gaban Hajja.

"Hajja, wallahi tallahi ba haka ba ne! Yana can ƙarshen ɗaki, ni ina nan. Madubin ne yake haɗa mutane. Biba ce ta shige, ta buga kai, dubi goshinta! Ki aika a kira Fa'iza, ki tambayi..."

"Ban tambaye ki Fa'iza ba." Muryar Hajja a kwance take, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. "Ban ma tambaye ki yaron nan ba, wannan tsakaninki da Allah. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki ba ni amsa don darajar wanda ke kwance a kabari. Kin ga fuskarki ko ba ki gani ba?"

Da ta ce idonta a rufe yake, wa zai ƙaryata ta? Ni kaina da ni ce a wurin, ban san abin da bakina zai faɗa ba. Amma an haɗa ta da kabarin Tahiru.

"Na gani, Hajja."

Tsohuwar ta rufe ido, hawaye suka gangaro ta cikin tsagen fuskarta.

"Saura ƙiris, Nasira. Saura ƙiris ki sallame shi da mutunci. Ɗana bai taɓa ɗaga miki murya ba. Abin da kika iya yi mishi ke nan?"

Sallama ta tashi daga zaure. Nasira ta ji muryar, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wa ya aike shi? Aisami ya tsaya a bakin zaure ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Hajja, ku gafarce ni, na zo ne in wanke ta. Ni na gina ɗakin, na san yadda yake. Ku zo da kanku, ki tsaya a kusurwa ɗaya, Ya Hashimu ya tsaya a ɗaya, za ku ga..."

"Ni?" Hajja ta buɗe ido. "Ni zan taka gidan da aka tozarta ɗana?"

Hashimu ya matsa gabansa, hannu a baya.

"Malam mai madubi, tambaya ɗaya. Wa ya kashe wuta?"

"Ni ne."

"Don me?"

"Don kada ta ci gaba da ganin fuskarta. Na san a gidan nan an hana."

"Ka san abin da aka hana a gidanmu. Madalla. Ashe kana biye da labarin gidanmu. Kuma daga can ƙarshen ɗakin da kuke faɗa, idonka na kan fuskar matar ƙanina har ka gane abin da ke damunta." Ya juya ga uwarsa. "Kin ji da kunnenki, Hajja."

Aisami ya ga ramin da ya faɗa, sai ya ƙara zurfafa shi da hannunsa.

"Ba da wasa nake ba! Niyyata ta alheri ce. Ranar da ta fita takaba zan turo manyana."

"A'uzubillahi!" Hashimu ya daka tsawa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. "Maganar aure ga mai takaba, a gidan mamacin, a gaban uwarsa? Jama'a ku shaida! Fita mana daga gida!"

Hajja ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta sunkuya ta zare Biba daga jikin uwarta. Yarinyar ta ƙanƙame wuyan Nasira, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Hajja, ki dake ni! Ki sa in sake takabar daga farko, zan yi! Ki hana ni lakwal! Kada ki raba ni da ita, ba ta iya barci sai ta riƙe kunnena. Hajja, ke ma uwa ce!"

"Uwa ce ni. Shi ya sa."

Nasira ta bi su da rarrafe har ƙofar gida, mayafinta na jan ƙasa. Lungun ya cika da mutane. Aisami na tsaye jikin katangar da ke fuskantar gidan, bai tafi ba, kuma ba abin da zai iya. Hajja ta shiga gaban mota da Biba a cinya, yaron motar ya tayar da inji. Yarinyar na dukan gilashi da tafin hannu biyu.

Hashimu ya tsuguna kusa da Nasira, ya sassauta murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin san ni ba na son ganin hawayenki. Magana ɗaya ce. In kin fita, ki zauna a gidan nan a ɗakina. Ɗiya ta tashi gaban uwarta da dangin ubanta, bakin mutane ya mutu. Ni kaɗai zan iya tausar Hajja."

Ta ɗago ta dube shi. Mutumin da ya gama tara wa wani jama'a a kan maganar aure, bakinsa bai ko bushe ba.

"Ya Hashimu, ai ina cikin takaba."

"Shi ya sa nake faɗa a hankali. Amma ke da ƙarfi za ki amsa, Hajja ta ji, wancan ma ya ji."

Motar ta fara motsawa. Biba ta daina kiran Umma, sai shessheƙa kawai, bakinta a manne da gilashi. Nasira ta dubi ɗiyarta. Ta dubi Aisami, ya girgiza mata kai, idanunsa jawur, leɓensa na motsi ba ta jin abin da yake cewa. Tana son mutumin nan, Allah ya sani tana son sa, ba ta taɓa dainawa ba.

"Na yarda!" Muryarta ta fashe har ƙarshen lungu. "Ya Hashimu, na yarda, zan aure ka! Ka ce su tsaya!"

Hashimu ya ɗaga hannu, motar ta tsaya. Aisami ya sulale jikin katanga ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu.

Nasira ta tashi da gudu ta kama murfin motar tana ja, a kulle yake. Hashimu ya zo a nutse ya leƙa ta taga, suka yi 'yar magana da uwarsa, Hajja ta gyaɗa kai. Ya juyo yana murmushin nan nasa, ya cire hannun Nasira daga jikin murfin.

"Hajja ta ji, ta kuma sa albarka."

"To a ba ni ita. Ka buɗe a ba ni ɗiyata."

"Za a ba ki mana. Ranar da aka ɗaura, da kaina zan je Kelle in ɗauko miki ita." Ya buga bayan motar da tafin hannu. "Ku tafi, kada rana ta faɗi muku a hanya."